Abubuwan da ya kamata ka sani game da ƙa'idojin ɓarayi a wasannin labari na kan teburi

A shekarar 1974 aka fitar da wani wasa a Amurka mai suna Dungeons & Dragons. Daga shi aka samu ɗaruruwan wasanni irinsa, inda mutane ke zama kewaye da teburi su gina labari da baki, kowa riƙe da tauraro ɗaya. Cikin taurarin da masu wasa suka fi rububi akwai ɓarawo, da ɗan fasa-ƙwauri, da ɗan damfara, har da wanda ake biya ya yi kisa. Amma da wuya ka ga wanda ya ɗauki irin wannan tauraro ya bar shi sakaka. Kusan kowa sai ya gindaya masa iyaka: ba ya taɓa yara, ba ya yi wa talaka sata, ba ya tona asirin abokin sana'a ko da wuƙa na wuyansa. Wannan iyaka tana da tarihi, tana da lissafi a cikin dokokin wasa, akwai kuma rata mai faɗi tsakaninta da abin da masu laifi na gaske suke aikatawa.

Wane irin wasa ne wannan?

Ka ɗauka tatsuniya ce, amma wadda masu sauraro ke da baki a cikinta. Mutum ɗaya ne jagora. Shi ke bayyana gari, da duhun dare, da ƙofar da ke kulle, da maigadin da ke gyangyaɗi, shi ne kuma bakin duk mutanen labarin da ba taurari ba. Sauran, galibi uku zuwa biyar, kowa yana da takardar da aka rubuta sunan tauraronsa, da ƙarfinsa, da wayonsa, da abin da ya iya. Mai wasa ya ce, "Zan haura katanga." Idan abin yana da haɗari sai a jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai wasu ƙwayoyin suna da fuska 8, ko 12, ko 20. Lambar da ta fito ita ke yanke ko ya haura ko ya faɗo. Ba a sa kuɗi, ba a kuma cewa wane ya cinye wasa. Labari ɗaya yana iya ɗaukar wata da watanni, ana haɗuwa mako-mako.

A littafi ko fim, marubuci ya riga ya yanke abin da ɓarawo zai yi tun kafin ka fara karatu ko kallo. A nan babu wanda ya yanke. Maigadi ya farka ya ga fuskarka, kuma da bakinka za ka faɗa, a gaban abokanka, ko za ka gudu, ko za ka ba shi cin hanci, ko za ka kashe shi. Shi ya sa tambayar abin da tauraro ba zai taɓa yi ba ta fi nauyi a wannan wasa fiye da ko'ina.

Yaya ɓarawo ya shigo teburin?

Bugun farko na Dungeons & Dragons, na Gary Gygax da Dave Arneson, wanda kamfanin TSR ya fitar daga garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, sana'a uku kawai gare shi: mayaƙi, da mai sihiri, da malamin addini. Ɓarawo ya zo a 1975 cikin wani ƙarin littafi mai suna Greyhawk, da fasaharsa ta buɗe kwaɗo, da kwance tarko, da yankan aljihu, da sanɗa, da sukar abokin gaba ta baya. A shekarar dai wani littafin mai suna Blackmoor ya kawo mai kisan haya.

Tun kafin zuwan ɓarawo, dokar wasan kanta da ganima take saka wa mutum. A bugu na farko-farko, duk tsabar zinariya ɗaya da ka fito da ita daga kogo ko kushewa tana ba ka maki ɗaya na ƙwarewa, da wannan maki kuma tauraro ke girma. Ke nan mayaƙi da malamin addini su ma kayan wasu suke kwasa, ɓarawo ne dai aka rubuta sana'arsa a fili.

Bai kuma zo shi kaɗai ba, da ƙungiyarsa ya zo. Gygax ya ɗebo abubuwa da yawa daga labaran Fritz Leiber, marubucin da ya ƙirƙiro birnin Lankhmar, inda ɓarayi ke da ƙungiya mai shugaba da almajirai da kaso, kuma wanda ya yi sata a birnin ba da izininta ba ya shiga uku. Tunanin ya girmi Leiber da ƙarnuka. A 1613 Cervantes na Sifaniya ya rubuta labarin Rinconete y Cortadillo, na wasu yara biyu da suka isa birnin Seville suka tarar ɓarayi suna da 'yan'uwantaka ƙarƙashin wani Monipodio, da littafin lissafi, da rabon unguwanni, har da kason da ake ware wa man fitilar wani wurin ibada. Don haka ɓarawon wasa ya gaji abu biyu tun ranar farko: ƙin dokar gari, da bin dokar gidansu.

Alƙibla tara, da inda ta gaza

Hanyar farko da wasan ya bi wajen auna hali ita ce ya ba kowane tauraro alƙibla. A 1974 uku ne: masu bin tsari, masu hargitsi, da 'yan tsaka-tsaki, tunanin da aka aro daga marubuta Poul Anderson da Michael Moorcock. Zuwa 1978 an ƙara wani ma'aunin na kirki da mugunta, aka gicciya shi da na farko, sai aka samu gida tara. Ɗan fashin da ke ƙwace wa azzalumi ya ba mabuƙaci, irin Robin Hood na almarar Ingila, galibi a gidan "hargitsi mai kirki" ake ajiye shi. Uban daba mai cika alkawari, wanda yake kisa amma bisa tsari, yana gidan "tsari mai mugunta". A bugun 1978 dole ne mai kisan haya ya zama mugu. Jarumi mai tsarki kuwa, wanda ya yi rantsuwar kare gaskiya, an hana shi abota da mugu, kuma idan ya aikata mugunta da gangan ya rasa matsayinsa. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, haka dokar ta ɗauka. Daga nan aka samu rigimar da ta fi kowace tsufa a teburi, tsakanin mai riƙe da jarumin nan da mai riƙe da ɓarawo.

Littafin 'yan wasa na 2003 ya faɗi wani abu da nake ganin ya fi duk gidajen tara amfani. Ya bayyana cewa wasu miyagu masu bin tsari suna da abin da suka haramta wa kansu, kamar kisa da hannunsu, alhali suna sa yaransu su yi, ko cutar da yara, idan har da yadda za a kauce. Sai ya ƙara da cewa suna ɗauka wannan ya ɗaga su sama da sauran miyagu. Marubutan sun gane cewa ƙa'idar mugu takan zama abin lallashin kansa.

Matsalar alƙibla ita ce laƙabi ce, ba ta gaya maka abin da mutum zai yi gobe da safe. Ɓarayi biyu na iya zama a gida ɗaya, ɗaya ya gwammace mutuwa da ya ci amanar abokinsa, ɗayan ya sayar da shi kan kuɗin abinci. Bugun 2014 ya nemi gyara wannan. Wanda ya zaɓi tarihin mai laifi ga tauraronsa ana ba shi aƙida shida ya ɗauki ɗaya: kada ya yi wa abokan sana'a sata, ko 'yanci, ko ƙwace wa mai dukiya don taimakon mabuƙaci, ko kwaɗayi tsagwaronsa, ko biyayya ga abokai kaɗai, ko fatan cewa kowa na iya shiryuwa. Idan mai wasa ya nuna aƙidar a aikace, jagora na iya ba shi wata 'yar dama ta musamman wajen jefa ƙwaya.

Ƙa'idar da ake biyanka ka ɗauka

Wasu wasannin sun bi wata hanya dabam, wadda a ganina ta fi kusa da gaskiyar lamarin. A GURPS, na kamfanin Steve Jackson Games, wanda ya fito a 1986, kana gina tauraro ne da maki. Kana sayen ƙarfi da basira da makinka, idan kuma ka yarda ka ɗauki wani rauni, kamar gurguntaka ko tsoron duhu, sai a ƙara maka maki. Ƙa'idar mutunci tana cikin jerin raunuka. Ta 'yan fashin teku tana kawo maki 5: ka rama duk wani cin fuska komai haɗarinsa, abokin gaban abokinka naka ne, kada kuma ka far wa abokin tafiya sai a fito na fito a fili. Ta barade masu sulke, wadda ta fi tsauri, tana kawo 15.

Dalilin sa ta cikin raunuka shi ne ƙa'ida tana rufe maka ƙofofin da suke buɗe ga wanda ba shi da ita. Gwargwadon yawan ƙofofin da ta rufe, gwargwadon makin da ake biyanka. Wanda ya ce tauraronsa ba ya dukan wanda ya faɗi, to ranar da abokin gabansa ya faɗi ya rasa damar da ta fi kowace sauƙi. Idan ƙa'idar ba ta taɓa hana shi wani abin da yake so ba, to ado ce kawai a kan takarda, kuma ya karɓi makin banza.

Shadowrun, na kamfanin FASA, ya fito a 1989. Labarinsa a birnin Seattle yake, a shekarar 2050, lokacin da manyan kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi kuma sihiri ya dawo duniya. Duk taurarin masu laifi ne na haya. Wakilin kamfani, wanda kowa ke kira Mista Johnson ko da ba sunansa ba ne, yana ba su aikin satar bayanai ko sace ma'aikacin wani kamfani, idan an kama su kuma bai san su ba. A bugu na 5, na 2013, mai wasa na iya zaɓar wasu mutane da tauraronsa ba zai kashe ba, ba zai kuma bari a kashe a gabansa ba, misali yara ko waɗanda ba su ɗauke da makami. Ana ba shi ƙarin maki tun farko, idan ya karya kuma a rage masa. Ban da wannan, wasan yana riƙe da lissafin baƙin suna. Wanda ya ci amanar abokan aikinsa, ko ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ko ya watsar da aikin da ya karɓa, labarinsa yana yawo a unguwa, masu ba da aiki su fara gudunsa. A nan ƙa'ida jari ce: mutum yana riƙe ta ne don gobe ma a kira shi.

Vampire: The Masquerade na Mark Rein-Hagen, na 1991, ba wasan ɓarayi ba ne, na masu shan jini ne, amma ya kawo ma'aunin da ya yi tasiri ƙwarai. Kowane tauraro yana da mutuntaka daga 10 zuwa 0, mutum na yau da kullum yana kan 7. A kowane mataki akwai laifin da ke iya saukar da kai. A 7 sata tana damun zuciya. Da ka sauka ƙasa ta daina damunka, sai abin da ya fi ta muni. Wanda ya kai 0 ya fita daga hannun mai wasa gaba ɗaya. Abin da wannan ma'auni ya kama shi ne yadda zuciya ke ƙeƙashewa a hankali, ta yadda abin da ya hana ka barci bara, bana ko a jikinka.

Birnin da ba ya mantuwa

Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017, yana cikin wasannin masu laifi da suka fi shahara, kuma bai rubuta wa kowa alƙibla ba. Masu wasa suna kafa gungu a Doskvol, birnin da rana ta mutu a kansa, fatalwa ke yawo a lungunansa. Gungun na iya zama na masu kisa, ko 'yan daba, ko dillalan haramtattun kaya, ko ɓarayi, ko 'yan fasa-ƙwauri, ko 'yan ƙungiyar asiri. Suna zaɓar irin sunan da suke so a san su da shi a gari, ko masu mutunci, ko marasa imani, ko ƙwararru.

Maimakon ya yi wa'azi, wasan lissafi yake riƙewa. Bayan kowane aiki ana ƙara wa gungun maki a ma'aunin idon hukuma, gwargwadon hayaniyar da suka tayar. Idan an yi kisa ana ƙara 2 a kai, domin a wannan birni da zarar rai ya fita sai ƙararrawa ta buga, hankaki su tashi su nufi inda gawar take. Idan ma'aunin ya kai 9, matakin neman gungun ruwa a jallo ya hau. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Hanya ɗaya ce kuma ta sauko da matakin: sai an ɗaure wani a kurkuku kan laifin gungun. Yana iya zama ɗaya daga cikin taurari, ko wani abokinsu, ko wanda ke kawo musu labari, ko abokin gaban da suka ƙulla wa sharri.

Ban san wata doka a wasa da ta fi wannan tona asirin ƙa'ida ba. Gungun da ya yi wata uku yana alfaharin ba ya cin amana, yau dole ya zauna ya zaɓi wanda zai tafi gidan yari. Idan ɗaya ya miƙe ya ce shi zai je, ƙa'idar ta tabbata, ya kuma biya da watannin rayuwar tauraronsa. Idan suka miƙa yaron da ke kai musu saƙo, kowa a teburin ya ga abin da ya faru, ba sai jagora ya ce uffan ba.

Shin masu laifi na gaske suna da ƙa'ida?

Suna da ita, wani lokaci ma a rubuce. Abin dubawa shi ne wa take karewa.

Bartholomew Roberts, ɗan fashin teku daga Wales, yana da dokokin da mutanensa suka yi rantsuwa a kai, an kuma adana su a littafin tarihin 'yan fashin teku da aka buga a Landan a 1724. Kowa yana da ƙuri'a a manyan al'amura. Kyaftin yana da kaso biyu na ganima. Ba a caca da kuɗi a jirgi, ana kashe fitilu ƙarfe takwas na dare, ba a faɗa a cikin jirgi sai an sauka gaɓa, wanda kuma ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki ana biyansa dala 800. Daga irin waɗannan dokoki wasanni suka ɗebo ƙa'idarsu ta 'yan fashin teku. Amma a watan Janairun 1722, a tashar Ouidah da ke gaɓar Benin ta yau, mutanen Roberts ɗin nan suka kama jiragen cinikin bayi, kyaftin na wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biyan fansa. Suka ga kwance sarƙoƙin bayin da ke ciki zai ɗauke su lokaci, sai suka cinna wa jirgin wuta da mutum kusan 80 ɗaure a cikinsa. Babu layi ɗaya na dokokinsu da suka karya, domin dokokin ba su san da waɗannan mutane ba. Wata guda bayan haka aka kashe Roberts a gaɓar Gabon, aka kuma rataye 52 daga mutanensa a Cape Coast.

Mafiyar tsibirin Sisili na Italiya ita ce ta fi kowa tallata kanta da mutunci da riƙe baki. Da 'yan sanda suka kama Salvatore Lo Piccolo kusa da Palermo a watan Nuwamban 2007, sun samu takarda mai dokoki goma: kada a kalli matar aboki, kada a gan ka da ɗan sanda, a cika alkawarin haɗuwa, a girmama mata, kada a taɓa kuɗin wani gida na ƙungiyar. Ƙungiyar nan ce ta sace Giuseppe Di Matteo a watan Nuwamban 1993, yaro ɗan shekara 12, don ta rufe bakin mahaifinsa da ya fara ba hukuma bayani kan kisan alƙali Giovanni Falcone. Sun riƙe shi kwana 779, suka kashe shi a watan Janairun 1996 bisa umarnin Giovanni Brusca. Bayan 'yan watanni aka kama Brusca, shi ma ya buɗe baki ya zama mai ba hukuma bayani.

Masana irin su Diego Gambetta, wanda ya yi nazarin Mafiya, da Peter Leeson, wanda ya yi nazarin 'yan fashin teku, sun nuna dalilin da ya sa irin waɗannan dokoki ke tasowa. Mai laifi ba ya iya kai abokinsa kotu idan ya cuce shi a rabo. Yana aiki da mutanen da ya san maƙaryata ne, masu makami. Dole su samu abin da zai hana su cinye juna, shi ya sa kusan duk dokokin suke magana kan rabo, da riƙe sirri, da matan juna. Dokoki ne na cikin gida. Wanda ke waje abinci ne.

Ɗan fashi mai taimakon talaka fa? Masanin tarihi Eric Hobsbawm ya rubuta littafi a 1969 kan 'yan fashin da manoma ke ɗauka a matsayin gwaraza. A 1972 Anton Blok ya mayar masa da martani cewa a zahiri 'yan fashi sun fi cin talakawan, sau da yawa ma suna yi wa masu ƙasa da masu mulki aiki, kuma gwarzon ya fi rayuwa a waƙa da almara. Tun 1957 kuma Gresham Sykes da David Matza suka lissafa hanyoyi biyar da mai laifi ke bi ya kwantar da zuciyarsa: ba laifina ba ne, ba wanda ya cutu, shi ya ja wa kansa, masu zargina sun fi ni ɓarna, na yi ne don mutanena. Ta ukun Bahaushe ya daɗe da saninta, in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Wanda ya taɓa sauraron hirar da ake yi da shugabannin 'yan bindiga a dazukan arewa maso yammacin Najeriya ya ji galibin waɗannan hujjoji da kunnensa, ya kuma san cewa ba su hana a kwashe ɗalibai daga makaranta ba. Mai karatun da ya fito daga irin wannan wuri yana da haƙƙin ya ƙi haɗiye labarin ɗan fashi mai mutunci haka nan, ina kuma ganin teburin da yake zaune a kai zai fi sauran gaskiya.

Tsoron da wasan ya tayar

A shekarun 1980 an yi ta zargin Dungeons & Dragons a Amurka da koyar da tsafi da lalata tarbiyya. Wata uwa mai suna Patricia Pulling, bayan rasuwar ɗanta a 1982, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan. Da TSR ya fitar da sabon bugu a 1989, sai ya cire mai kisan haya daga babban littafin. A ranar 1 ga Maris, 1990, jami'an tsaron sirri na Amurka suka kai samame ofishin Steve Jackson Games a Austin, kan binciken wani ma'aikacin kamfanin, suka kwashe kwamfutoci har da rubutun littafin GURPS Cyberpunk, wanda suka ɗauka jagorar kutsen kwamfuta ne. Kamfanin ya kai ƙara, ya yi nasara a 1993.

Ƙa'idar da ke kare mutanen da ke zaune

Akwai ƙa'ida ta biyu, wadda ba ta tauraro ba ce, ta 'yan adam ɗin da ke kewaye da teburi ce. Matsalar da ta fi yawa ita ce mai riƙe da ɓarawo ya riƙa yankan aljihun taurarin abokansa, ko ya kashe ɗan kasuwar da kowa ke buƙata, in an yi magana ya ce, "Ai haka tauraron nawa yake." Amsar da gogaggun jagorori ke bayarwa ita ce, kai ka ƙirƙire shi, kai ka zaɓa masa wannan hali. Dokar kada a yi wa abokin sana'a sata tana da farin jini a wasanni saboda tana hana zaman watsewa.

Shi ya sa teburori da yawa ke ware zama na farko don yarjejeniya kafin a jefa ƙwaya ko ɗaya. Ron Edwards ya bayyana wata hanya a 2003: a ja layi kan abin da ba zai shigo labarin ba sam, a kuma sa labule kan abin da zai iya faruwa amma ba za a bayyana shi dalla-dalla ba. John Stavropoulos ya kawo wani kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiya, duk wanda abu ya yi wa nauyi ya taɓa shi, a wuce ba tare da an nemi dalili ba. A wasan masu laifi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kana iya zama da wanda aka taɓa yi wa fashi da gaske ba ka sani ba.

Yadda jagora ke gwada ƙa'ida

Jagora mara ƙwarewa yana yin ɗaya daga kuskure biyu. Ko dai ya sa duk wanda aka yi wa sata ya zama azzalumi, ta yadda ɓarawo ba zai taɓa jin nauyin komai ba, ko kuma ya haƙa wa mai wasa ramin da babu mafita don kawai ya ga ya karya alkawarinsa. Na farko yana sayar da almarar nan da Blok ya ƙaryata. Na biyu yana koya wa masu wasa cewa ɗaukar ƙa'ida wauta ce, gobe kuwa sai su zo da taurarin da ba su da ko ɗaya.

Abin da ya fi aiki shi ne a ba mutanen da abin ya shafa suna da fuska, a kuma bar sakamako ya biyo baya. A ce tauraro ya rantse ba ya yi wa talaka sata. Ya fasa shagon wani babban attajiri ya ɗauke akwatin kuɗi, aiki ya yi kyau, aka raba. A zama na gaba jagora ya nuna 'yan dako talatin a ƙofar shagon, domin kuɗin da ke akwatin ladansu ne na wata, attajirin kuma ya ce su je su nemi ɓarawon. Ɗaya daga cikinsu shi ne mijin matar da ke ɓoye tauraron idan ana nemansa. Jagora bai ce an karya ƙa'ida ba, bai ce ba a karya ba. Mai wasa na iya mayar da kasonsa, abokansa su ga ya ja musu asara. Yana iya komawa ya tilasta wa attajirin ya biya, idon hukuma ya ƙaru a kansu. Yana kuma iya cewa shi attajiri ya yi wa sata, sauran ba ruwansa, daga ranar kuwa kowa a teburin ya san girman rantsuwar tasa. Dokar Blades in the Dark tana ba da maki a ƙarshen kowane zama ga wanda ya nuna aƙidar tauraronsa a aikace, ba ta kuma tambayar ko aƙidar ta jawo masa riba ko asara.